Ba Siminti Ƙananan Asibitocinmu Suka Rasa Ba, Ranar Awo Suka Rasa

Da wuya gwamna ya cika kwana ɗari a kan mulki a Arewa ba a nuno shi riƙe da almakashi a ƙofar wani ƙaramin asibiti ba. An shafa sabon fenti, an kafa allo ɗauke da sunan mai girma, an jera gadaje ko ledarsu ba a ɓare ba. Ni ba na ja da gini, don mace ba za ta haihu a gindin bishiya ba. Amma duk wanda ya koma wurin bayan wata shida, musamman da la'asar, ya san abin da zai tarar: ko dai ƙofa a garƙame, ko ma'aikaci ɗaya tilo yana rubuta wa mutane takarda su je kemis su saya. A ganina, abin da asibitocin mata da ƙananan yara suka rasa a ƙasar nan wani tsarin aiki ne da suka taɓa samu, wanda ya sa asibitin unguwa ya san 'ya'yan unguwarsa ɗaya bayan ɗaya tun suna lafiya lau, ba sai an kawo su ranga-ranga ba.

Kafin wani ya ce ga mai begen zamanin da nan ya zo, bari in share wannan. Yara sun fi mutuwa a da. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna cewa cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa a Najeriya, 201 ba sa kai shekara biyar; na 2018 ya ce 132. Iyayenmu mata da suka haifi goma suka binne biyar ba labari ba ne, suna nan da ransu a gidajenmu. Baƙon dauro kan shiga gari lokacin bazara ya bi gida-gida. Allura ɗaya ake dafawa a kan risho a yi wa mutane da dama. Saboda haka ba cewa nake yi a mayar da mu can ba. Cewa nake yi a cikin wancan talaucin kayan aiki akwai wata dabara mai kyau, kuma da muka samu ƙarin kuɗi da ƙarin magunguna sai muka yar da ita a hanya.

Farkon abin ma ba don mata aka yi shi ba. Asibitocin sha-ka-tafi da En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ta fara ginawa a garuruwan hakimai tun wajejen shekarun 1930, da kuɗin haraji da jangali daga baitulmali, aikinsu wanke gyambo ne, da maganin tari da ciwon ciki da tsutsa. Malamin asibitin namiji ne, matar aure kuwa tana kulle, sai dai a aiko yarinya da kwalba ta karɓo mata. A ƙasashen sarakuna ba a sakar wa 'yan mishan mara ba, sai a wuraren kula da kutare irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Asibitocinsu da suka yi suna da karɓar haihuwa da duba yara suna can Wusasa da Vom da Garkida. Makarantar koyon tsabta ta Kano, da aka buɗe a 1932, duba-gari take yayewa, masu leƙa randa da masai. Haihuwa kuwa tana hannun kakanni da ungozoma, ita ma ungozomar galibi sai an haihu ake kiranta ta yanke cibi ta yi wanka. Abin da En'e ta bari mai amfani shi ne sanin mai hurumi. Idan malamin asibiti ya yi fashin aiki, ko aka ga maganin gwamnati a kasuwa, hakimi na nan kusa, kuma maganar za ta kai gabansa kafin rana ta faɗi.

Dabarar da nake magana a kai daga Kudu ta fito, daga wani ƙauye da ake kira Imesi-Ile kusa da Ilesha. Wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya zo can a 1956. Shi da wata malamar jinya, Margaret Woodland, suka bi diddigin yara sama da 400 tun daga haihuwa, suna auna su, suna rubuta kowace rashin lafiya. Abin da suka gano, kowace tsohuwa ta san rabinsa: yaro ba ya mutuwa farat ɗaya. Zai yi gudawa ya rame, kafin ya murmure zazzaɓi ya kama shi, a yaye shi a kan kunu tsura, sannan ƙyanda ta zo ta ƙarasa. Rabin da tsohuwa ba ta sani ba shi ne, sikeli yana ganin wannan gangarowar watanni kafin ido ya gani. Daga nan aka samo asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, inda awo da rigakafi da magani da koyar da uwa duk suke wuri guda, a hannun ma'aikaciyar da ba likita ba ce. Daga nan kuma katin awo ya fito, wanda daga baya duniya ta ɗauka. Morley ya dage kan cewa katin ya zauna a hannun uwa, ba a durowar asibiti ba. Mutane suka ce za ta ɓatar, sai ga shi iyaye mata sun fi magatakarda iya ajiya.

Wanda ya tashi a shekarun 1980 zai iya tuna yadda ranar take. Tun da hantsi mata sun cika baranda, wasu a kan benci, wasu sun shimfiɗa zane a ƙasa. Sikeli mai fuskar agogo yana rataye a jikin azara ko reshen darbejiya, da ɗan wando mai igiya da ake zura yaro a ciki. Yaro na reto yana tsala ihu, malama na jiran allurar sikelin ta tsaya, sai ta ɗiga alama a kati ta haɗa da ɗigon watan jiya. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san idan layin ya hau alheri ne, idan ya kwanta akwai magana. Malama za ta ɗago kai ta ce, “Maman Sani, wata biyu ke nan yaron nan bai ƙaru ba. Me yake ci?” Uwa ta ce, “Malama, ai haƙori yake yi.” Sai a ce ta tsaya bayan an tashi. A gefe guda an hura wuta ana dama kunun gyaɗa, ana nuna yadda za a zuba garin waken suya da ɗan manja, kowace uwa ta ɗanɗana wa ɗanta. Ana waƙa ana tafi ana bitar haɗin ruwan gishiri da sukari: ruwa cikin kwalbar lemo biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari goma ko ƙwaya biyar. A ɗaki kuma firjin kananzir na ci, wanda in lagwaninsa ya mutu cikin dare, allurar rigakafin gunduma guda ta lalace. Katin nan a leda ake sa shi, a ajiye a ƙasan adaka tare da takardun gona.

Abin da ya fi komai muhimmanci ba a barandar yake faruwa ba. Akwai rajista, kuma idan sunan yaro ya yi wata biyu ba a sa masa alama ba, ma'aikaciya kan yafa mayafinta ta bi sawu har gida. Sau da yawa abin da za ta tarar ba ciwo ba ne. Mai gida ne ya hana, ko uwar ta samu sabon ciki an kai yaron yaye gidan kaka, ko an yi wa yaro allura ya kwana da zazzaɓi uwar miji ta ce ba a ƙara ba. Irin wannan ba a warware shi da takardar sanarwa. Sai wadda aka sani, da ake haɗuwa da ita wurin suna da ta'aziyya, za ta iya zama ta ce wa tsohuwa, “Iya, ki bar mini shi, in ya sake zazzaɓi ni za ki kama.”

Gwamnati ta yi yunƙurin mayar da wannan tsarin na ƙasa baki ɗaya har sau biyu, kuma bambancin yunƙurin biyu shi ne darasin. Na farko yana cikin shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya. Aka tsara cibiyoyi manya da ƙanana, aka ba da kwangila, aka yi odar kayan aiki, wasu suka ruɓe a cikin akwatunansu, gine-gine da yawa ba a kammala ba. Ribar da aka ci a wannan zagayen ita ce makarantun koyon aikin lafiya na jihohi, waɗanda suka yaye ma'aikatan da har yau su ke riƙe da karkara. Na biyu ya zo da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Shi bai fara da bulo ba. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, aka haɗa su da jami'o'i da makarantun lafiya, aka bi gidaje ana sa musu lamba ana ƙirga mutanen ciki, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauye, aka horar da ungozomomi kan wanke hannu da sabuwar reza da sanin lokacin da za a ce a tafi asibiti. Wannan shi ne ruhin taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978, wanda ya yi alƙawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 ta tabbatar da shi a rubuce. Zuwa 1990 alƙaluman hukuma suna cewa rigakafi ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na yara. Binciken gida-gida na wannan shekarar ya samu kimanin kashi 30 ne suka kammala dukkan allurorinsu, saboda haka akwai gishiri a lissafin hukuma. Duk da haka, wanda ya ga lokacin ya san an motsa.

A ɓangaren masu ciki, hujjar ma daga gida take. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun tattara bayanan haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Mutuwar mata ta taru ne a kan waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, aka kawo su bayan sun kwana biyu ko uku suna naƙuda, da ƙananan 'yan mata masu haihuwar fari, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Wadda ta yi awo, a asibiti ɗaya, a hannun likitoci ɗaya, haɗarinta ya ragu nesa ba kusa ba. Ba wai awon ne ke tsayar da zubar jini ba. Awon yana gano hawan jini da ƙarancin jini da kwanciyar da ba daidai ba, amma babban aikinsa shi ne sabo: matar ta san hanya, ta san fuska, mijinta ya riga ya ba da izini sau ɗaya, don haka ranar da abu ya rikice ba a tsayawa shawara har gari ya waye. Waɗanda ba su samu wannan ba, su ne suka cika wuraren gyaran yoyon fitsari a Babbar Ruga da Kano.

To me ya kashe abin? Ba mutum ɗaya ba ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, albashi ya zama abin dariya. Shirin Bamako na 1987 ya kawo asusun magani mai juyawa, a sayar wa majinyaci da sauƙi a sake sayo wani. A wuraren da aka riƙe amana ya yi aiki, a wasu wuraren asusun ya juya sau ɗaya bai dawo ba. An miƙa ƙananan asibitoci ga ƙananan hukumomi, abin da yake daidai a takarda, amma kuɗin ƙananan hukumomin suka maƙale a asusun haɗin gwiwa da jihohi. Rikicin siyasar da ya biyo bayan 1993 ya sa masu ba da tallafi na waje suka ja baya. Ma'aikaciyar da ta yi wata huɗu ba albashi ba za ta bi sawun kowa gida ba, za ta buɗe ɗan kemis ne a zauren gidanta. Zuwa 2003, kashi 13 cikin 100 na yaran Najeriya ne kawai suka kammala rigakafi, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 4.

A wannan kangon ne zamanin gangami ya shigo. Maimakon uwa ta zo ranar awo, sai ayari ya zo ƙofar gida da akwatin ƙanƙara da alli, a ɗiga wa yaro maganin shan inna, a shafa masa tawada a yatsa, a wuce. An yi nasara, ba a musu: rabon da a ga ƙwayar shan inna ta daji a Najeriya tun 2016 a Borno, kuma a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Amma mu tuna tambayar da magidanta suka riƙa yi a lokacin: “Me ya sa wannan kuke biyo mu da shi har gida kyauta, amma in yaro na zazzaɓi muka je asibiti ko farasitamol babu?” An yi ta kiran masu tambayar jahilai. Ni ban ga jahilci a ciki ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, suka kuma ga asibitin unguwarsu ya zama kufai, suna da dalilin yin zargi, ko da abin da suke zargin ba gaskiya ba ne. Dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004 ta jawo asarar da ta ƙetara iyakokin ƙasa, kuma yara ne suka biya da ƙafafunsu. Amma jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa ta samu gindin zama ne saboda babu sauran wata malama da za ta ce, “Iya, ki bar mini shi.” Mashaƙon da ya ɓarke a Kano da maƙwabtanta a 2023, cutar da allurarta ke cikin jadawalin rigakafi tun fil azal, ya nuna inda gangami ya tsaya: yana iya korar cuta ɗaya, ba ya iya riƙe yaro shekara biyar.

Maƙwabtanmu na Nijar sun isa misali, su da ba su kai mu kuɗi ba. Daga farkon shekarun 2000, a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, suka baza ƙananan ɗakunan shan magani kimanin 2,000 a ƙauyuka, da ma'aikaci mai albashi a ciki, wanda aka koya wa maganin zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari. A 2006 suka ce yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da mai awon ciki ba sa biya. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar ƙananan yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Su ma suna da nasu ciwon kan, don gwamnati kan yi jinkirin biyan asibitoci kuɗin wannan kyautar har magani ya yanke. Amma ɗakin da ke ba da wannan sakamakon, wani ɗan siyasarmu zai ji kunyar yanka masa kirtani saboda ƙanƙantarsa.

Za a ce ai yanzu ma ana awo, kuma gaskiya ne. A birane layin awon ciki har waje yake kaiwa, ma'aikaciya ɗaya da mata ɗari, ta auna jini ta shafa ciki ta ce mai bi. Ba laifinta ba ne. Amma wannan awon waɗanda suka kawo kansu ne. Wadda ba ta zo ba, ba wanda ya san da ita, kuma ita ce mai mutuwa. A binciken 2018, kimanin kashi 16 cikin 100 na haihuwa a Arewa maso Yamma ne aka yi a asibiti. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ma'aikatan ma sun gudu da ransu, kuma ba mai hankalin da zai ga laifinsu.

Dokoki da shirye-shirye kam ba mu rasa ba. An kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992. An yi shirin tura ungozomomin zamani karkara a 2009, ya yi tashe, sannan ya lafa da jihohi da ƙananan hukumomi suka kasa biyan nasu kason alawus. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya na tushe, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Idan wannan hukuncin ya tabbata a aikace, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da sauran wurin laɓewa, kuma ina tsoron abin da zai fara yi shi ne kiran ɗan kwangila.

Da za a ji ta tawa, kafin a sake aza tubali ko ɗaya, a fara da ɗakin kwanan ma'aikaciya a cikin harabar asibitin da ake da shi, da ruwa da wutar sola da mai gadi, tunda naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. A ɗauki 'yan asalin gari. Makarantun koyon aikin lafiya suna yaye 'yan mata duk shekara, da yawansu suna aikin sa-kai shekara da shekaru a asibitocin da tsofaffin ma'aikatansu ke ritaya ba a maye gurbinsu, alhali wanda ya san wani ya samu takardar aiki an tura shi ƙauye ya nemi canji ya dawo birni. A mayar da bin sawu cikin aikin da ake biya, da kuɗin mai na babur, ba abin da ake roƙon ma'aikaciya ta yi don Allah ba. Mai unguwa da limami su san ranar awo kamar yadda suka san ranar kasuwa, domin izinin fita a hannun maza yake, kuma maza a masallaci ake samunsu.

Sannan 'yan jarida da 'yan majalisar jiha su canza tambayar da suke yi wa kwamishinan lafiya. Adadin asibitocin da aka gyara, wannan kowa zai iya karantawa a allon kwangila. A tambaye shi yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar a mazaɓa kaza, nawa aka auna a watan jiya, nawa ne layinsu ya kwanta, kuma cikin waɗanda ba su zo ba, gida nawa aka shiga.